Ɗakin da Aka Keɓe wa Talbijin

Ni ban yi boko ba, abin da zan faɗa da kunne na ji shi, wani kuma ido ya gani.

'Yata ta fari tana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Garuwa. Ita ke kula da wani baƙin akwati da suke kira sarba, wanda ake tara duk muryoyin gidan a cikinsa. Ranar da aka kawo shi ta ce min cikinsa kamar rumbu ne, tun yana sabo ake tsaga shi ɗaki-ɗaki. Ta tsaga uku. Ɗaya na kayan aikin akwatin kansa, ɗaya na muryoyi, na ukun kuma, wanda ya fi su girma, mai gidan rediyon ya ce a keɓe wa talbijin da zai buɗe. Ya sa masa kalmar sirri, ya riƙe a kansa.

A ɗakin muryoyin nan aka zuba tatsuniyoyina, don sukan kira ni in yi wa yara. A nan kuma aka zuba waƙoƙin aminiyata, wadda muka yi ƙuruciya tare muna ƙyafe kifi a bakin tafkin Lagdo. Murya gare ta mai hayaƙi, in ta ɗaga masunta sukan sassauta filafili. Allah Ya yi mata rasuwa, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba.

Ana nan ana nan, ɗakin muryoyi ya cika. 'Yata ta riƙa cusa ragowar a ɗakin akwatin, har shi ma ya shaƙe, rediyo ya yi tsit ana tsakiyar labarai. Da la'asar ta zo unguwarmu Jambutu a kan babur ɗin da muke kira moto, ta zauna bakin tabarmata ko mayafi ba ta cire ba.

"Inna, an ce in share wasu kafin gobe."

"Babban ɗakin fa?"

"Wayam yake."

"To, a rushe bangon mana."

"In na taɓa shi komai na iya zubewa. Sai an kwashe kayan zuwa wani faifan, mu kuwa ba mu da shi."

Washegari na yafa gyale na je wurin mai gidan rediyon. Ya miƙe, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min ruwan sanyi.

Na ce, "Alhaji, ɗakin da babu kowa, a ara wa mamaciya."

Ya yi dariya. "Hajiya, amarya na hanya, a zuba gawayi a ɗakinta?"

"Amaryar nan tun jikata tana goye ake jiran ta. Yanzu ita ke kai min niƙa."

"Talbijin na zuwa, in sha Allahu. Ba a taɓa ɗakin nan."

Na fito ban sha ruwan ba.

'Yata ta kai ni gaban akwatin, yana ta huci a kusurwa. Ta ce tatsuniyoyina da waƙoƙin aminiyata su ne mafi tsufa, ɗaya zai tafi, ta kasa zaɓa. Na ce ta kunna min ita. Muryar ta fito, har da tarin nan da takan yi kafin ta kama amshi.

Na ce, "Share nawa. Ina da rai, na sake."

Ta danna da yatsa ɗaya. Ban ji ƙarar komai ba.

Bayan sallah jikata ta ce in yi mata tatsuniyar kada da matar masunci, wadda ta taɓa ji a rediyo. Na ɗauko, na kai inda kada ya fito tudu yana kuka, sai na tsaya. Na nemi abin da matar ta ce masa, babu. Na koma farko, na sake zuwa wurin, na sake tsayawa. Yarinya ta gaji da jira ta tashi.

'Yata ta ce ɗakin muryoyin ya kusa cika kuma, kuma yanzu aminiyata ce mafi tsufa a ciki.