Allurar Man Motar Baba

A lokacin ina 'yar shekara sha takwas, na gama sakandare, ina jin babu abin da ya fi ƙarfin kaina. Muna zaune a wani ƙauye bayan Sandamu. Babanmu tsohon malamin firamare ne, yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ta girme ni, kujerunta suna ƙamshin turare da rana. Tun ina ƙarama allurar da ke nuna yawan man motar a kwance take, ba ta motsi. Sai Baba ya samu wata siririyar sandar geza ya yi mata tsaga uku. Kafin kowace tafiya zai buɗe tanki, ya zura ta, ya ɗaga ta sama yana kallo kamar mai duban wata. Ni kuwa kunya abin yake ba ni, har nakan tsokane shi in ce motarsa da sanda take tafiya kamar tsohuwa.

Wata Juma'a yana masallaci na buɗe bayan motar, na ɗaga shimfiɗar, na ga wata waya ta tsinke tana lilo a saman tanki. Na tuna ɗan abin da aka koya mana na lantarki, na ɗaure ta a jikin wata ƙusa ta ƙarfen motar. Ina murza makulli allura ta tashi a hankali har ƙarshe. Wallahi ji na yi kamar na tayar da matacce. Da Baba ya dawo ya yi ta dariya, ya ce yau boko ya yi rana, ya rataye sandarsa a zaure. Idonsa ya yi rauni, don haka ni yake tambaya me allura ta ce. Aka yi kwanaki, aka je kasuwa aka dawo, ban ga ta sauka ko kaɗan ba. Na lura sarai, amma na yi shiru, don ina son yadda yake nuna ni ga abokansa.

Yayata tana gida goyon ciki, na fari. Wani hantsi cikin damina naƙuda ta tsananta, ungozoma ta ce a yi asibitin Daura da ita maza. Baba ya miƙa hannu zai ɗauko sandar, ni ce na ce masa babu lokaci, ai mai a cike yake. Mun wuce Sandamu kaɗan motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Har yau wurin nan kamar a mafarki nake ganinsa. Gero kore ta ko'ina yana kaɗawa, balbelu suna sauka a hankali, gajimare fari tas, ga kan Yaya a cinyata tana kiran sunan Allah da wata ƙaramar murya. Allura kuwa tana tsaye a kan cike, tana kallona. Baba ya karyo karan gero ya zura a tanki, ya fito da shi a bushe. Ya koma bakin hanya yana duban mai wucewa.

Mun daɗe kafin wani mai babur ya tsaya ya tsiyayo mana man babur ɗinsa a gora. A asibiti Yaya ta rayu. Jaririyar ba ta yi kuka ba, ba ta zo da rai ba. Likita ta ce ba za ta iya cewa jinkirin ne ba, Baba ya ce ƙaddara ce, na kuma yarda, amma bacci bai yarda ba. Daga baya bakanike ya bayyana mana cewa in wayar nan ta taɓa jikin mota, cike allura za ta nuna ko da babu ɗigo.

'Yan'uwa mata da maza, kuskuren wayar ba shi ne ke cina ba, shirun da na yi ne. In kun gyara abu kuka ga alamar bai gyaru ba, ku faɗa tun ana dariya. Baba ya mayar da sandarsa mota, kuma yanzu ni yake miƙa wa in auna. Yaya har yau ba ta san na lura da allurar na yi shiru ba. Ku taya ni addu'a in iya gaya mata.