Mai Hular Kwano a Tashar Kawo

Ina zaune a mota a tashar Kawo ina jiran ta cika, sai ga wani mutum yana bin tagogi. Fes yake cikin farar shadda, yana jan ƙafar hagu, ga tabon ɗinki daga goshi har bayan kunne. A cikin tsagaggiyar hular kwano yake karɓar gudummawar ƙungiyarsu, mai tallafa wa waɗanda suka ji rauni a ƙwaƙwalwa da iyalansu. Ina zaton hular tasa ce, kuma ba don ita ba da wani labarin ake yi.

Maganarsa da ƙyar take fita, amma dariyarsa ba ta jira. Direbanmu yana tsokanarsa: "Malam Sabo, yau ma ka manta ni?"

"Ai fuskar taka ce ba ta zama a kai!"

Na jefa nawa. Ya zaga ya dawo, ya sake miƙo mini hular da sabuwar sallama.

"Ai na bayar, Malam."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Alhaji, ni ne mai mantuwa. Wanda ka bayar dominsa ba ya mantawa."

Sai ga hannuna ya koma aljihu.