Littafin Kakanmu a Gidaje Uku

Da kakanmu ya rasu, an raba littattafansa kamar yadda aka raba tufafinsa. Malami ne a Ƙofar Mazugal, littattafan kuma rubutun hannu ne, warƙa-warƙa a cikin gafaka, babu ɗinki. Masu rabon ba su lura ba, sai wani littafin fiƙihu ya kasu uku: farkonsa wajen mahaifina, tsakiyarsa wajen baffana a Ƙofar Dawanau, ƙarshensa wajen gwaggona a bayan Kasuwar Kurmi.

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, lokacin ina koyarwa a sakandare, wani abokina ya ara mini kyamarar da ake zuba hotunanta a kwamfuta. Na ƙudurta in haɗa littafin, ko da a hoto ne.

Mahaifina da Baffa ba su yi gardama ba. Gwaggo ce ta kafe ni da ido.

"Ko warƙa ɗaya ba za ta bar gidan nan ba," in ji ta. "A gabana za ka yi. Kuma yi alwala tukuna."

Duk Asabar da hantsi sai mu shimfiɗa farin zane a tsakar gida, tana miƙo takardun ina ɗauka. Ba ta karanta Larabci, amma ta san hannun mahaifinta. In ta ga na wani sai ta ce, "Wannan na ɗalibinsa ne."

Jera shafukan ya fi ɗaukar hoton wuya. A ƙasan kowane shafi akwai kalmar da ta buɗe na gaba, ita na riƙa bi. Wani wurin gara ta cinye kalmar, wani wurin shafin ne babu shi a gidan kowa.

A kason Baffa na ci karo da ɗan rubutun ajami da hannun kakanmu a gefen shafi: an haifa masa 'ya ranar Laraba da la'asar, ana ruwa. Gwaggo ce kaɗai 'yarsa mace. Na buga hoton a takarda, na kai mata, na karanta.



"Ni duk zatona Juma'a ce," ta ce a hankali. "Sake karantawa."

Na sake. Ta sa na ɗora yatsanta a daidai inda aka rubuta ruwan.

Ba ta taɓa neman warƙar daga Baffa ba, shi ma da ya ji labarin bai yi mata tayi ba. Kwafin ta ninke, ta adana a ƙasan adakarta tare da zannuwan aurenta.