Ƙaguwar Nasara da Kazar Kaka

In na ce maka kaza ta taɓa kusa tuɓe rawanin Sarkin Ruwa, cewa za ka yi na soma halin nawa. To zauna. Daga bakin mai kazar nij ji.

Lokacin sanyi, da an yi magariba an ci tuwo, Kaka Inno kan haɗa wuta da karan dawa, mu jikoki mu kewaye ta. Ɗiyar makiyaya ta daga Shinaka, aure yak kawo ta gidan masunta bakin gulbin Rima, kusa da Goronyo. Kakanmu shi na Sarkin Ruwa, mutumin da ka rantsuwa ko kwaɗon gulbi ya san sunan uwatai. Shina zaure, amma kunnenai na wurinmu.

Tac ce tana amarya wani Nasara yaz zo, babu aikin da shi kai sai tara ƙwari cikin kwalba. Yak kama wata 'yar ƙaguwa da bai taɓa gani ba, yat tambayi sunanta. Hakimi yac ce: “Muna da masani.” Anka rufe ta cikin gwangwani, dogari yak kawo gida. Kakanmu na can gulbi wurin kamun kihi.

“Nib buɗe,” in ji Kaka, “sai ga abu awa ɗan yatsa, baya ja, hannu guda ya hi guda, tana harara ta. Nic ce, wagga ita ta gaisuwar Nasara? Niw watsar. Kazata ko bisimilla ba ta yi ba, tah haɗiye ta.”

Kuma ku san Kaka da ladabi: kwano ba shi komawa wofi. Tac cika gwangwanin da man shanu tam miƙa ma dogari.

Nasara yab buɗe, yay yi ja har kunne. Hakimi yac ce kwana ukku: ko ƙaguwa da sunanta, ko rawani.

Aradu an tone gulbi har kada ya yi ƙaura. Kwando-kwando aka kaiwa, Nasara na duba su da gilashi shina girgiza kai. Kakanmu, da bai ko ga abin ba, yar rame, rawani na juya mai bisa kai.

Ran na ukku Kaka tac ce: “Malam, ku bar gulbi. Irin wagga mashayar shanu ta ka zama, cikin sawun kofato in ruwa ya janye. Mu mai cizon maraƙi mu ka ce mata.”

Yab bi ta shina gunaguni. Sawu na biyu, ga ta. Nasara yar rubuta sunan cikin littahi, yag gai da Sarkin Ruwa da ilimi. Rawani yaz zauna.

Da muna yara kazar mu ka ma dariya. Sai da nig girma, nis sha cika baki gaban mutane, nig gane wanda anka raina cikin gida sau da yawa shi ad da amsa. Amma Kakanmu har yab bar duniya bai yarda ba. Duk ran da anka kawo nan sai ya ɗaga murya daga zaure: “Ƙarya ta kai, yara! Ni nig gano ta!”

Kaka ko kai ba ta ɗagawa, tana tura kara cikin wuta.

“Kai kag gano ta? Malam, kwana ukku kana tonon gulbi da mutum ɗari. Ko kazata ta riga ka ganinta!”