Rayuwar Sjoerd Wiebenga, Ɗan Wasan Bayan Holan

Haihuwa da Karatu

An haifi Sjoerd Wiebenga a shekarar 1946 a Harlingen, garin masunta da ke arewacin Holan. Mahaifinsa Douwe maƙerin jiragen ruwa ne, mahaifiyarsa Aukje kuwa tana sayar da kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Bayan ya kammala makarantar firamare a 1958, ya koyi sana'ar mahaifinsa tare da ɗan baffansa Siebe, wanda suka tashi gida ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma dukansu a baya suke buga ƙwallo.

Ƙungiya da Tawagar Ƙasa

A 1964 su biyun suka shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Noorderhaven. A watan Maris na 1969 wasiƙar gayyata zuwa tawagar ƙasa ta iso ofishin ƙungiyar, ɗauke da suna S. Wiebenga kawai, ba ƙarin bayani. Da shugabanni suka rasa wanda ake nufi, sai suka saka su biyun a jirgin ƙasa.

A sansanin horo koci ya dube su ya ce, "Samari, ni dogon na kira."

Siebe ya ce, "Yallaɓai, ai dukanmu dogaye ne."

Kocin ya sake duba takardarsa, sannan ya nuna Sjoerd, wanda ya fi kusa da shi. Siebe ya koma gida shi kaɗai, kuma daga ranar ya daina yi wa ɗan'uwansa magana.

Sjoerd ya buga wa ƙasarsa wasa talatin da ɗaya, ya ci ƙwallo shida, dukansu da ka. Ya yi kakar wasa huɗu a Beljiyam, ya dawo Noorderhaven a 1976 a matsayin kyaftin, ya yi ritaya a 1980. Duk da shaharar da ya samu, bai taɓa samun natsuwa a kan wannan gayyata ba. A 1984 ya je har gidan tsohon kocin ya tambaye shi gaskiyar lamari. Dattijon ya ce, "Au, ashe ku biyu ne?"

Aure da Iyali

A 1971 ya auri Hiltje Postma, malamar makaranta. Ita ce ta riƙa aika wa Siebe katin gaisuwa duk shekara, ba tare da an taɓa samun amsa ba.

Ƙarshen Rayuwa

Daga 2009 ciwon mantuwa ya kama shi, har ya kai ba ya rarrabe 'ya'yansa. A 2015, bayan shekara arba'in da shida, Siebe ya zo duba shi a gidan kula da tsofaffi. Sjoerd ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, kana da tsawo. Kai ma ka taɓa ƙwallo?"

Siebe ya ce, "Kaɗan, ɗan'uwa."

Tun daga nan Siebe bai fasa zuwa kowace Laraba ba, kuma kowane zuwa sai ya gabatar da kansa sabo.

Rasuwa

Sjoerd Wiebenga ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara saba'in da ɗaya. An binne shi a maƙabartar cocin garinsu, Siebe na cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin gawarsa. Ya bar matarsa Hiltje, da 'ya'ya uku: Jelle, Marijke da Tjitske, da jikoki biyar.