Haƙorin Makka da Robar Likita

Tun da aka cire mini haƙorin turmi na ƙasa a gefen hagu na koma tauna da gefe ɗaya, har muƙamuƙina ya fara ciwo. Yayata ce ta ɗauko ni daga gidana na Fagge, ta kai ni wurin wani likitan haƙori a Sabon Gari, Bayarabe haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ce za a iya yi mini dashe: a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura ɗan ƙarfe mai kama da noti, idan ya kama sai a ɗora haƙori a kansa.

Ni dama ban iya barin abu ya wuce ban juya shi ba. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. Yadin da nake sarowa a kasuwar Kwari ma, ko na yanka wa mai saye sai na sake aunawa. Don haka da likitan ya nuna mini hoton ƙashina a kwamfuta, idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wani jan layi da ya ratsa ta ƙarƙashin gurbin.

"Wannan fa?"

"Jijiya ce, Hajiya. Ita ke sa ki ji leɓenki na ƙasa. Idan ƙarfen ya taɓa ta, leɓen zai mutu. Na wani yakan farfaɗo, na wani ba ya farfaɗowa."

Ya ce tsakanin inda ƙarfen zai tsaya da jijiyar bai wuce kaurin ƙwayar shinkafa ba. Nan take na ga kaina ina shan koko yana zuba a haɓata ban sani ba, jikokina suna kallona suna jin nauyin faɗa mini.

Hanya biyu ce, in ji shi. Ko ya huda da hannunsa yana kwatanta hoton da ido, ko a ƙera wata roba daidai da haƙorana, a kifa ta a kansu kamar hula. A jikinta akwai 'yar ƙofa, ta nan injin zai bi, ba zai karkace ba, ba kuma zai zarce zurfin da aka ƙayyade masa ba. Na ce robar nake so. Aka zagaya bakina da wata na'ura, aka tura awon Legas. Da zan fita ya ce kada in bari wani ya cike mini haƙori ko ya cire kafin robar ta iso.

A cikin wannan jiran ne tafiyarmu ta Umara ta faɗo, ni da Yaya. Ana gab da dawowa ta ce mu je a sa mana haƙorin Makka. Na ce ina tsoron riya.

"Riyar me? Wa zai yarda kin je? Sai a ce Rijiyar Lemo kika tafi kika ɓuya a gidan 'yarki."

Na yi ta juya maganar, ƙarshe na samo wa kaina mafita: a sa mini a ƙasa, gefen hagu, inda leɓe zai rufe shi, ba mai gani sai na yi dariya sosai. Mai aikin ya goge haƙorin, ya danna na zinaren da ƙarfi har na ji maƙwabtansa sun matsu. Maganar likita ba ta ko zo mini ba. Shi ciko da cirewa ya ce, aikin masu ciwo. Wannan kuwa a wurina layinsa ɗaya da dabino da zamzam.

Ranar aikin, likitan ya fito da robar, fara tas kamar ƙanƙara, ya kifa mini ita. Ya danna dama, hagu ya ɗaga. Ya danna hagu, dama ta ɗaga. Sai ya ja leɓena ƙasa, ya ga zinaren.

"Hajiya, da wannan muka ɗauki hoto?"

Yaya ta yi dariya daga kujerarta. "Tsarabarka ce, Likita."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki robar ya kankare cikinta daidai wurin zinaren, ya sake gwadawa. Ta zauna, amma idan ya taɓa gefenta sai ta ɗan yi rawa. Ya ce haƙoran kusa ma sun ɗan gusa, ko an ɓamɓare zinaren bakin ba zai koma yadda yake ba. Ya ajiye ta a faranti.

"Idan ta zauna daidai ta fi hannuna, ba na musu. Amma idan ta zauna a karkace, ita ce za ta kai injin inda bai kamata ba, ni kuma ina biye da ita hankalina kwance."

Na ce to a sake awo. Ya ce za a iya, sai dai shi ƙarshen wata zai bar ƙasar, sabuwar robar ba za ta same shi ba. Wanda zai gaje shi bai riga ya zo ba, bai ma san shi ba. Idan na yarda, zai yi da hannu yau, da ƙarfe mafi gajarta, yana tsayawa yana ɗaukar hoto. Na waiwayi Yaya. Ita da ba ta rasa ta cewa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Na dubi hannayen likitan, na ga ba sa rawa. Na ce bismillah.

Ya yi mini allurar kashe zafi, ya ce idan na ji wani abu kamar lantarki ya ja leɓena in ɗaga hannu. Injin ya fara. Ba zafi, sai girgiza da take hawa har tsakiyar kaina. Bai daɗe ba na ɗaga hannu. Ya tsaya, ya ɗauki hoto, ya ce da sauran nisa, tsoro ne kawai. Na ji kunya. Can wajen ƙarshe na ji wani ɗan tsam, ko kuma na zaci na ji. Kafin in yanke shawara tsakanin kunya da tsoro, ya kashe injin. Hoton ƙarshe ya nuna ƙarfen ya tsaya sama da jijiyar, ya nuna mini ratar da bakin biro.

A adaidaita sahu leɓena ya yi mini nauyi kamar na aro. An ce kafin magariba allurar za ta sake ni. Na zauna a tsakar gida ina mintsininsa. Harshe ya dawo, haɓa ta dawo, leɓen ma ya dawo, ban da wani wuri a gefen baki da kan ɗan yatsa zai rufe. Da na koma, likitan ya ce mai yiwuwa kumburi ne ya danne jijiyar, yawanci yakan saki. Ƙarshen wata ya tafi.

Dashen ya kama, an ɗora haƙorin, ina tauna da shi. Wurin nan da ba na ji a gefen baki kuma ya ragu, ko dai ina jin kamar ya ragu. Sabon likitan ya sa na rufe ido, ya shafa mini auduga, ya tambaye ni ko na ji. Na ce na ji. Ya ce to na warke. Sai da muka iso Fagge na tuna na ji motsin rigarsa lokacin da ya miƙo hannu, don haka na san zai taɓa. Na ce wa mai adaidaita ya tsaya. Ya tsaya, ya waiwayo yana jirana, ni kuma ina zaune da yatsa a gefen baki, na rasa ko in ce mu koma ko mu wuce.