Baba Dakata, Mai Ɗaukar Abin Da Siminti Zai Binne

Kafin leburori su gama canja kaya ya iso, kyamara a wuya, alli a aljihu. Duk ɗakin da ake gyarawa sai ya zana ɗan da'ira a ƙasa, daga nan yake ɗauka kullum, don a iya jera hoton jiya da na yau. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ba ruwansa da hoton biki. Shi bango tsirara yake so: rodi, bututun ruwa, wayar wuta.

Magina suka laƙaba masa Baba Dakata, domin da an kwaɓa siminti za ka ji muryarsa: "Ku dakata tukuna." Mahaifina magini ne, kuma ya fi kowa mita. "Malam, kwaɓin nan bushewa zai yi. Bangon nan amarya ce?" Shi kuwa sai ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Abin da ka rufe yau ba mai sake ganinsa." Ni ma a lokacin ɗauka nake tsohon bai da aikin yi.

Wata uku da gama gyaran wani bene, bangon falo ya tsage. Mai gidan ya tara mutane ya ce mahaifina ya rage rodi ya sayar. Masu ba shi aiki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana yabon hannunsa ya koma zaman tsakar gida, abinci ma sai Inna ta matsa masa. Ban taɓa jin tausayinsa irin na kwanakin nan ba.

Ba wanda ya aika wa Baba Dakata. Da kansa ya zo da hotuna a cikin ambulan, ya ja mahaifina zuwa gidan. Hoto na farko: ginshiƙin bangon falon kafin a zuba kankare, rodi shida cif, ga kwanan wata a ɗan allo. Na biyu: bayan mahaifina ya tattara kayansa, mai gidan ya sa an fasa gindin ginshiƙin don bututu ya wuce. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na zalunce ka, Malam. Ka yafe mini."

Baba Dakata, kai ne shaidar da ba ta mantuwa. Kai ka mayar wa mahaifina mutuncinsa, ko sau ɗaya kuma ba ka goranta masa mitar da ya yi maka ba. Yanzu ido ya yi rauni, ka rataye kyamara. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku koyi tsayawa ku duba aiki kafin ku rufe shi.

Jiya na leƙa wurin aikin mahaifina. An kwaɓa siminti, leburori suna jira. Ya laluba aljihu ya zaro waya mai kyamara, ya ce, "Ku dakata tukuna."